Wa ya san wani mai kiɗa ɗan Japan da ake kira Takemitsu?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri za ta ɗan ja, don sai na faɗi yadda abin ya faro.

Ni fiyano nake koyo a wani situdiyo nan Sabon Gari, shekara biyu kenan, aikinmu kiɗan biki ne da na 'yan siyasa. To ran Talata da daddare an ɗauke wuta, zafi ya hana barci, na jawo tabarma tsakar gida na sa iyafis ina ta yawo a YouTube daga wannan bidiyo zuwa wancan, har na faɗa kan wani kiɗa wai shi November Steps na wani mutumin Japan, Toru Takemitsu. Makaɗa ne cike da dandamali da gogen Turawa da sauran kayansu, sai mutum biyu zaune a gaba, ɗaya riƙe da wani abu kamar garaya mai ƙaton ciki, ɗayan da sarewar gora. Wallahi da farko na ɗauka datata ce ke ja, har sau biyu ina duba waya, ashe shirun a cikin kiɗan yake. Mai garayar zai daki tsirkiya sau ɗaya, ta yi wani irin zzzz kamar za ta tsage, sai kowa ya yi tsit har ƙarar ta mutu don kanta, mai sarewar kuma rabin abin da ke fita daga bakinsa iska ce kawai. Ba ganga ba kalangu, ba inda za ka sa ƙafa ka taka. Amma na kasa kashewa, sau uku na maimaita a daren nan.

Ga abin da ya sa ya tsaya min a rai. Kakana na wajen uba makaɗin garaya ne, mafarauta yake wa kiɗa a ƙauyenmu ta wajen Giwa. Babana bai gada ba, ya shigo birni ya kama ɗinki, kuma a gidanmu ba a ma son tada zancen tun da aka hana yayana aure a wani gida wai mu jikokin maroƙa ne. Ni kaina da na shiga harkar kiɗa fiyano na zaɓa da gangan, don in mutum ya gan ka da fiyano zai ce sana'a kake, in ya gan ka da garaya roƙo zai ce kana yi. To wannan zzzz ɗin rabona da shi tun ina ɗan shekara bakwai a zauren kakana, sai ga shi a hannun mutanen Japan a gaban Turawa masu kwat, kowa ya nutsu yana saurare. Hawaye na yi, ba zan ɓoye ba.

Shi ne nake tambaya, waye wannan mutumin? Shirun nan da wannan ƙarar da gangan ne ko haka kayan suke? Kuma ku da kuka sani, za a iya yin irin haka da garaya?

Malam na Samaru:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka tambayi abin da na daɗe ina jiran wani ya tambaya. Ni ba makaɗi ba ne, koyarwa na yi har na aje aiki, amma na fi shekara talatin ina sauraren mutumin nan tun zamanin kaset.

An haifi Takemitsu a Tokiyo a watan Oktoba na 1930, amma ƙuruciyarsa ta farko a Daliyan ya yi ta, a ƙasar Sin, inda mahaifinsa ke aiki. Da aka dawo da shi gida karatu sai ya zauna wajen 'yan'uwa, a gidan da uwar gidan ke koyar da koto, wani dogon abin kiɗansu mai tsirkiya 13 da ake kwantarwa a ƙasa. Ka ga kenan kiɗan gargajiya a kunnensa ya tashi, kamar kai. Sai yaƙin duniya na biyu ya ci su. A 1944, yana ɗan shekara 14, aka kwashe su yara aka kai su aikin ƙarfi a wani sansanin soja cikin duwatsu, ga yunwa ga wahala, kuma a lokacin an hana jin yawancin kiɗan Turawa. Wata rana wani ƙaramin hafsa ya tara su a ɓoye ya sa musu faifai a garmaho, allurar ma ta gora ce aka feƙe, waƙar soyayya ce ta wata Bafaranshiya mai suna Lucienne Boyer. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa daga ranar ya san kiɗa zai yi in ya rayu.

Bayan yaƙi ya yi aiki a sansanin sojan Amurka, tarin fuka ya kwantar da shi, a kwance ya dinga jin rediyon sojan Amurka yana haddace kiɗan Turawa da kunne. Bai yi makarantar kiɗa ba, ɗan zama kawai ya yi da wani malami Yasuji Kiyose, sauran duk shi ya koya wa kansa. Fiyano ma ba shi da ita, a kan kwali ya zana madannan yana yawo da shi yana dannawa ba sauti, in kuma yana tafiya ya ji fiyano na tashi daga wani gida sai ya yi sallama ya roƙi a bar shi ya ɗan taɓa. Kai da kake da ita kullum a gabanka, ka gode wa Allah.

Ka ce ba inda za a taka, har kana shakkar ko kiɗa ne. A 1950 da aka fara kaɗa aikinsa a bainar jama'a yana ɗan shekara 20, wani mai sharhi a jarida ya rubuta cewa abin bai ma kai matsayin a kira shi kiɗa ba. Ya ji zafin maganar sosai amma bai bari ba. A 1957 ya rubuta Requiem for Strings, kiɗan makoki ne na goge zalla, a lokacin ciwo ya ci jikinsa har yana ganin kamar nasa makokin yake rubutawa. A 1959 Stravinsky, babban marubucin kiɗa ɗan asalin Rasha, ya je Japan, aka sa masa ayyukan 'yan ƙasa ya ji, ya tsaya a kan wannan ya yaba shi a gaban 'yan jarida. Daga nan mutanen gida suka waiwayo. Kullum haka ne, sai baƙo ya yaba ɗanka sannan ka ga tsayinsa. Ni har gobe wannan aikin na fi so a duk abin da ya yi, minti goma ma bai cika ba amma numfashin marar lafiya kake ji a ciki, a hankali, yana hawa yana sauka.

Yanzu ga inda labarinsa ya taɓo naka. Shekara da shekaru Takemitsu yana gudun duk wani kiɗan gargajiyar Japan, don a wajensa wannan sautin warin yaƙi yake yi, da shi masu mulkin soja suka dinga zuga mutane. Abu biyu suka juyo da shi. Na farko ya je kallon bunraku, wasan 'yar tsanarsu na gargajiya, ya ji yadda mai shamisen, wani abin kiɗansu mai kama da molo, ke dukan tsirkiya, abin ya girgiza shi. Na biyu wani marubucin kiɗa Ba'amurke John Cage, wanda shi kuma daga falsafar Zen ta Japan ya samo tunaninsa a kan shiru. Takemitsu ya rubuta cewa ta hanyar Cage ya gane darajar abin gidansu. Sai ya duƙufa a kan biwa, wannan da ka kira garaya, ya sa ta a kiɗan fim ɗin Harakiri na 1962, sannan a 1966 ya rubuta wani kiɗa na biwa da shakuhachi, wato sarewar gorar nan, su biyu kaɗai. Seiji Ozawa, wanda ke jagorantar makaɗa, ya kai wa Leonard Bernstein, jagoran babbar ƙungiyar makaɗan birnin Niyok a lokacin, ya ji, shi ne aka ba Takemitsu aikin bikin cika shekara 125 na ƙungiyar. Abin da ka ji kenan, an fara kaɗa shi a Nuwamba 1967, Ozawa ke riƙe da sanda, mai biwar a ranar mace ce, Kinshi Tsuruta, mai sarewar kuma Katsuya Yokoyama.

Shirun kuwa suna gare shi, "ma" suke ce masa da harshensu, wato tazarar da ke tsakanin sauti da sauti, kuma a wajensu ba wofi ba ce, cike take. Kai Bazazzagi ne ai, ka tsaya a Ƙofar Fada ranar hawan salla. In aka busa kakaki aka sauke, wannan ɗan tsakanin kafin a sake ɗagawa, ai ba wanda zai ce maka an daina kiɗa, a nan ne ma tsigar jikinka ke tashi.

Sai dai kar ka haɗa ciwonka da nasa gaba ɗaya. Shi yaƙi ya raba shi da abin gidansu, kai gori ne, kuma gorin nan yana nan da ransa. Ya rasu a Fabrairun 1996 yana da shekara 65. Na gaji da dannawa, idanu sun tsufa, sauran a bar wa masu sana'ar.

Mai Situdiyon Kwangila:

Allah ya ƙara girma Malam, mun ƙaru wallahi. Bari in amsa wa ƙanena ta ɓangaren aiki tunda shekarata 14 a gaban kwamfuta ina haɗa kiɗa.

Wannan zzzz ɗin da gangan ne ɗari bisa ɗari, sawari suke ce masa. A biwa, wurin da tsirkiya ke kwanciya a kan itace ake gyarawa musamman yadda in an daka za ta dinga gogar itacen tana rawa, kuma da wani faffaɗan katako mai kama da mafici ake dukanta, wani lokacin har jikin biwar ake haɗawa a daka. Mu kuma a garaya ɗan ƙarfen nan ne mai zobba da ake sokawa a ƙarshen sanda ke ba da wannan amon. Hanya daban, buƙata ɗaya, kunnen da ba ya son sauti fes kamar ruwan leda, ya fi son mai ɗan tsaki-tsaki. Sarewar kuma shakuhachi, ƙofa biyar ce kacal, huɗu a gaba ɗaya a baya, tsawonta ya ɗan haura santimita 50, sauran duk da leɓe da girgiza kai ake yi, iskar nan da ka ji tana fita ita ma cikin kiɗan take.

Abin da ke min ciwo, kuma ni ma ina ciki tsundum, shi ne duk mai garaya ko gurmi ko goge da ya shigo situdiyo abu na farko da muke yi shi ne mu ce ya cire ƙarfen wai yana ɓata rikodin, in ya ƙi mu bi da kwamfuta mu goge, sannan mu ɗaure shi a kan fiyano mu ce ya gyara tsirkiyarsa ta dace, alhali fiyano matakai 12 ne a yanke daidai wa daida, shi kuwa da kunne yake ɗaurewa gwargwadon muryarsa da safiyar da ya tashi, in bai zauna ba mu ja shi da na'ura har ya zauna, ƙarshe abin da zai fito ba garaya ba ce, fiyano ce ta ari muryar garaya. Na yi wa wani dattijo mai goge haka shekarun baya, da na kunna masa ya saurara har ƙarshe ya ce yaro wannan ba ni ba ne, ya ɗauki gogensa ya fita ko kuɗin mota bai karɓa ba. Har yau in na tuna sai in ji nauyi.

To shi Takemitsu abin da ya yi a November Steps bai yi ƙoƙarin jone su ba, ka koma ka saurara da kyau za ka ji yawanci in biwa da sarewa na magana makaɗan Turawa ja da baya suke, in su suka taso su biyun su saurara, har akwai wani dogon wuri kusa da ƙarshe da aka bar su su kaɗai. Kamar baƙi biyu a zaure ɗaya kowa da harshensa kuma ba tafinta.

Amma Malam a yi min afuwa, ni gaskiya wannan aikin ban iya jin sa kullum, nauyi gare shi, kuma ƙanena kar ka ɗauka za ka kai irinsa gidan biki a Tudun Jukun a lika maka kuɗi. Shi kansa Takemitsu da kiɗan fim ya ci abinci, ya yi wa finafinai sama da 90. Ka nemi fim ɗin "Ran" na daraktan Japan Kurosawa, 1985, wurin da ake cin wani gari da yaƙi, an ɗauke duk ihu da ƙarar dawakai an bar kiɗa kaɗai a hankali mutane na faɗuwa, sai ƙarar bindiga ɗaya ta dawo da hayaniyar. Duk mai yi wa fim ɗin Hausa kiɗa ya kamata ya kalli wurin nan sau goma, mu da muke cika kowane daƙiƙa da fiyano kamar ana biyanmu da awo.

Ana iya yi da garaya? Ana iyawa mana. Amma sai ka fara iya garayar.

'Yar Tudun Wada:

Sannunku da ƙoƙari Baba Malam da yayanmu na Kwangila. Ni ba ruwana da sana'ar, aikin jinya nake, amma ina jin sa in na dawo daga aikin dare kaina na sarawa. Yaya Ɗan Sabon Gari ka fara da mai wuyar ne shi ya sa. Ka nemi Rain Tree Sketch na 1982, fiyano ce ita kaɗai, 'yan mintuna ne, kamar an ɗauke ruwan sama amma bishiyar mangwaro na ci gaba da ɗiga a kan kwano, ɗigo nan ɗigo can ba tsari amma kuma da tsari. Tunda fiyano ce sana'arka za ka fi ni jin abin da yake yi. Mutumin yana son ruwa sosai, ayyukansa da yawa sunan ruwan sama ko teku gare su, akwai Toward the Sea ma na sarewa da jita.

Kuma tunda Baba Malam ya kawo zancen fada, su ma suna da kiɗan fadarsu, gagaku, ya haura shekara 1000, a ciki akwai wata 'yar gajeriyar algaita hichiriki, ranar da na fara ji sai da na ce kai wannan ai 'yar'uwar tamu ce. Takemitsu ya rubuta musu sabon kiɗa a 1973 da kayan fadar zalla ba na Turawa ko ɗaya. In kuma mai rai kake nema akwai Toshio Hosokawa, haifaffen Hiroshima a 1955, a Jamus ya yi karatu, shi ma sai da ya je can sannan ya waiwayi na gida.

Maganar auren yayanka kuma ta taɓa ni, don an yi wa ƙawata irin haka ita kuma wai gidan mahauta ne. Allah ya ba shi wadda ta fi. Mutanen da suka hana ɗin in bikinsu ya tashi ai makaɗan za su nema.

Malam na Samaru:

Ba laifi mai situdiyo, ni ma ba kullum nake jin sa ba, sai in gida ya yi tsit. Abu ɗaya na manta. Wannan tambayar an taɓa yin ta a garin nan, amma a zane. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin da ta zama jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa kawai ba, kowa ya koma ya tono zanen garinsu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Su haɗawa suka zaɓa, Takemitsu a wannan aikin jerawa ya yi ya bar kowa da kamanninsa. Ni a kiɗa na fi karkata ga nasa, saboda dalilin da mai situdiyo ya faɗa, in aka ce a haɗa to mai ƙarfi ne ke haɗiye marar ƙarfi. Kuma ka lura, kafin ya rubuta wa biwa ko layi ɗaya sai da ya zauna da masu ita ya koya.

Ɗan Sabon Gari:

Na gode ƙwarai Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Oga na Kwangila na gode, Anti na ji Rain Tree ɗin jiya, na gwada bin sa a fiyano bayan an tashi aiki, hannuna na ta son cike wuraren da ya bari, sai da na dinga riƙe shi.

Ku yi haƙuri da jinkirin amsa, tafiya na yi. Ran Juma'a na hau mota zuwa ƙauye wajen gwaggona, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu babana. Na tambaye ta garayar kaka, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce wa ya aiko ka, na ce ba kowa. Ta shiga ɗaki ta jawo ta daga bayan randa a naɗe cikin tsohon buhu. Fatar ta tsage ta gefe guda, tsirkiya ɗaya ta tsinke, amma ƙarfen yana nan da zobbansa, ya yi tsatsa kawai. Na ɗan girgiza shi ya yi ƙara, sai gwaggo ta kama kirarin wani mafarauci da kaka ke yi wa kiɗa, ta yi baiti biyu muryarta ta sarƙe ta bari.

Ta ce akwai wani tsoho a ƙauyen gaba da suka yi yawo tare da kaka, idonsa ya tafi amma hannunsa na nan, shi zai iya sake mata fata kuma in ya ga dama ya koya min. Babana bai sani ba tukuna, garayar na ɗakin abokina a Muciya, ina neman bakin da zan faɗa masa, Baba Malam in da shawara a nan ina so. Oga kuma in Allah ya sa tsohon ya yarda, zan so in kawo shi Kwangila ko sau ɗaya ne a ɗauki hannunsa, nawa ne kuɗin awa biyu? Amma da sharaɗi, ba za a cire ƙarfen ba.

Mai Situdiyon Kwangila:

Ka kawo shi ran Lahadi da safe kafin masu janareto su tashi, layin ya fi shiru a lokacin. Ba ko sisi. Makirfo biyu zan sa, ɗaya a bakin fata ɗaya a kan ƙarfen.